Shinkafar Agogo Huɗu

A bakin wani titi mai yawan motoci akwai wani tsohon gidan bene mai hawa uku. A ƙasansa shaguna biyu ne manne da juna, ɗaya na tela, ɗaya na mai gyaran agogo. Shekara talatin da shida bango ɗaya ne tsakaninsu, bangon ma na katako, in wannan ya yi atishawa wancan ne ke ce masa sannu.

Telan dogo ne siriri, shi ya sa maƙwabcin nasa ke kiransa Allura. Shi kuma yana kiran mai gyaran agogon Makararre, domin duk titin babu wanda ya kai shi latti. Mutum ne da zai buɗe cikin agogo ya ƙura wa ƙananan ƙafafun nan ido suna juyawa, har rana ta raba bai sani ba. Yakan ce kowane agogo da irin numfashinsa, akwai mai haƙuri, akwai mai gaggawa, akwai kuma wanda in ka kasa kunne za ka ji kamar yana jin haushin mai shi.

Yana da wata ɗabi'a a wurin aiki. In an kawo masa mataccen agogo, zai gyara cikinsa, ya tashe shi daga inda ya tsaya, amma ba zai daidaita hannuwansa ba sai mai shi ya zo. A gaban mai shi yake ciro agogon aljihunsa, ya duba, ya juya hannun da yatsa ɗaya, sannan ya miƙa. To, ba kowa ke dawowa ba. Wani ya yi ƙaura, wani ya manta, wani ya riga mu gidan gaskiya. Irin waɗannan agogunan yakan hau da su sama, inda yake zaune da iyalinsa, ya rataye su a bango. Suna tafiya lafiya lau, ba sa ƙara minti ba sa ragewa, sai dai kowanne yana kan lokacin da aka tashe shi. In awa ta cika a wurin wannan, wancan da sauransa.

Matarsa, wadda duk gidan ke kira Yaya, har waɗanda suka girme ta, ita ta raɗa wa huɗu daga cikinsu suna. Akwai Dogo, mai tsayin mutum, da ke tsaye a kusurwar falo yana bugawa kamar ana dukan tukunyar ƙarfe. Akwai Mai Mura, wanda ƙararrawarsa ta dishe. Akwai Tsuntsu, mai ɗan ƙofa da wani tsuntsun katako ke leƙowa ya yi kuka ya koma. Sai Siririya, 'yar ƙarama, a gefen ƙofar kicin, muryarta kamar an taɓa cokali a bakin kofi.

Sau da yawa yakan ce mata, "Bari in daidaita miki su, gidan nan kamar kasuwa."

Sai ta ce, "Ka taɓa mini su ka gani. Je ka daidaita kanka tukuna."

Shi a zatonsa sabo ne kawai irin na mata da kayan ɗaki.

Yaya ba ta iya girkin mutum biyu ba. Ko bayan 'ya'yansu sun watse, har Auta ta yi aure ta tafi wani gari, tukunyar nan dai ita ce. Shinkafa take dafawa da albasa da busasshen kifi a tukunya ɗaya, kullum ta Allah da rana, kuma ba ta taɓa gundurar kowa ba. In ta sauke, sai ta cika wani faffaɗan kwano mai murfi, ta ɗora cokali biyu a kai, ta sauko da shi. Allura ya tsayar da keken ɗinkinsa, Makararre ya cire gilashin da ke maƙale a idonsa, su zauna a kan benci a ƙofar shago su ci, suna faɗa a kan ƙanzo. Ƙanzon Yaya ba ƙonewa ba ce, ja ne, mai ƙaras-ƙaras, yana ɓarewa daga gindin tukunya faifai guda. Matar Allura aikin masaƙa take yi, sai yamma take dawowa, ita da kanta takan ce rabin jikin mijinta na Yaya ne. Allura ya ce, "Wane jiki? Ai da ba don ita ba da iska ta ɗauke ni tuni."

Ragowar kuma ba ta kwana. Ma'aikaciyar jinyar da ke hawa na uku, wadda ake kira Nas, in ta dawo a gajiye takan tarar da kwano a bakin ƙofarta. Direban bas da ke ɗakin baya, ranar da matarsa ta haihu, sati biyu daga tukunyar nan suka ci. Yaya ba ta tambayar ko kana so. Ƙwanƙwasa ƙofa take da gwiwar hannu, ta ce, "Karɓi, hannuna na ƙuna."

Wata huɗu ke nan da aka binne Yaya.

Kwanakin farko mutane sun cika gidan, sannan suka ragu, sannan suka ɗauke. Makararre ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Wata safiya ya tashi ya ɗauko agogon aljihunsa, ya bi na bango ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita su duka. Bai duba inda hannuwansu suke ba kafin ya juya, shi da bai taɓa neman lokaci a fuskarsu ba. Da sha biyu ta yi suka buga tare, gaba ɗaya, sannan gidan ya yi tsit na awa guda cur. Bai ji daɗin shirun ba, amma ya ce a ransa aiki dai ya yi kyau.

Allura bai san da wannan ba, don tun kafin nan ya kwanta. An yi masa aiki a ciki, an sallame shi ya koma gidansa da ke layi na biyu, amma ya ƙi cin abinci. Ba taurin kai ba ne kawai, ko me aka kawo sai ya ce yana jin ƙarnin asibiti a ciki. Ranar Alhamis Makararre ya je duba shi, ya tarar da matar Allura a tsakar gida idonta jawur.

"Baban Auta," ta ce, "likita ya ce in bai fara ci ba zuwa Litinin, za a mai da shi a sa masa roba ta hanci. Shi kuma ya rantse ba zai koma ba, sai dai a ɗauke shi a kwance. Ka san halin abokinka."

Ya shiga. Allura na kwance, bargon kamar ba kowa a ƙarƙashinsa.

"Makararre. Sai yanzu? Ai na ɗauka sai ranar ɗaukata za ka zo, ka tarar an tafi."

"Rufe mini baki. An ce ka ƙi abinci. Da ma kai da zare ba ku da maraba, yanzu so kake ka shige kafar allura?"

Allura ya yi ɗan murmushi, sannan ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, a hankali, "Abu ɗaya nake jin zai wuce mini maƙogwaro. Kuma mai yin sa ta tafi."

Matar ta ce daga bakin ƙofa, "Na dafa masa sau uku. Albasa, kifi, komai yadda take yi. Ya shinshina ya ture."

Makararre bai san lokacin da bakinsa ya ce, "Ni zan dafa maka" ba.

Allura ya juyo ya dube shi. "Kai? Kai da ko ruwan shayi sai ya ƙone a hannunka?"

"Tukunyar tana nan, murhun yana nan. Shekara arba'in ina ci, a ce ban iya ba?"

"Shekara arba'in kana sa riga, ka iya ɗinki?"

Ranar Juma'a ya gwada. Ta farko ta caɓe, ludayi ya tsaya a cikinta kamar an dasa. Ta biyu ta ƙone har Nas ta ƙwalo kira daga sama tana tambayar ko gobara ce. Ya zauna a kan kujerar kicin, 'yar gajeriya wadda zaman Yaya ya lotsa, ya kira Auta a waya.

"Baba, ai mai sauƙi ce," in ji ta. "Kofi huɗu na shinkafa, shida na ruwa, da kofin nan mai tsagaggen hannu. Sauran kuma agogo ne."

"Wane agogo?"

"Na gidanmu mana. Dogo ya buga, a sa albasa a mai. Mai Mura ya yi tari, a zuba shinkafa da kifi da ruwa. Tsuntsu ya yi kuka, a rufe a rage wuta. Siririya ta yi magana, a sauke. Haka ta koya mini. Shi ya sa ni a nan ba ta taɓa yi mini daidai ba, ba ni da su. Kai ai kana tare da su, kunne kawai za ka kasa."

Daidai lokacin ƙarfe uku ta yi, agogunan suka buga tare.

"Baba, mene ne wannan?"

"Na daidaita su," ya ce.

Ya ji numfashin Auta a waya, ya ji kukan jaririnta daga nesa. Sannan ta ce, "Haba Baba."

Ya daɗe zaune yana kallon bangon. Ashe duk shekarun nan abin da yake ji kamar kasuwa, girki ne a rubuce, shi kuwa ya zo da yatsa ɗaya ya goge. Ya yi ƙoƙarin tuna inda hannun Dogo yake a da. Ya tuna launin ƙarfen cikinsa, ya tuna haƙorin da ya sauya masa shekara ashirin da suka wuce, ya tuna fuskar mutumin da ya kawo shi a bayan wata tsohuwar mota, da hula mai faɗi da tabo a haɓa. Lokacin kuwa bai tuna ba.

Sai wani tunani ya zo masa: ba shi kaɗai ke jin agogon nan ba. Gidan katako da bulo ne, sauti na bin matakala kamar ƙamshi.

Ya sake kiran Auta. "Dogo. Da wane lokaci yake bugawa?"

Ta yi dariya cikin hawaye. "Wannan kam na sani, don ya sa na sha bulala. Takwas ake rufe ƙofar makaranta, ga ta nan tsallaken titi, ni kuma sai ya buga nake fita. Kullum minti biyar nake makara. Malamarmu cewa take, ai ba laifinki ba ne, gado ne."

Ya rubuta a bayan wata ambulan: Dogo, da minti biyar.

Ranar Asabar da safe ya ƙwanƙwasa ɗakin Direba. Mutumin ya fito da buroshi a baki.

"Mai Mura? Baba, ai shi ne agogona. Shida da minti ashirin nake barin gida, shekara goma sha ɗaya, ina kan matakala ta uku yake tari. Wallahi tun da ya daina sau biyu ina makara, na ɗauka mutuwa ya yi. Ban so in tambaye ka ba, ganin halin da kake ciki."

"Ashirin cif?"

"In na ɗaura takalmi da sauri, sha tara."

Nas kuwa sai da ta zaunar da shi ta ba shi shayi. Ta tsufa yanzu, ta bar aiki, gwiwa ta hana ta sauka sosai.

"Tsuntsun nan," ta ce, "da shi nake shan maganin hawan jini. Ana fara labarai a rediyo bakwai da rabi, mai karantawa ya gama kanun labarai, ya ce ga cikakken bayani, sai tsuntsu ya katse shi. Kullum. Har nakan ce tsuntsun ya fi shi gaskiya."

"Minti nawa kanun labarai ke ɗauka?"

"Ya danganta da yadda duniya ta kwana. Ka sa biyar."

"To Siririya fa?"

Ta girgiza kai. "Akwai wata Siririya? Ban taɓa jin ta ba."

Direba ma bai taɓa ji ba. Auta ta ce ita dai ta san tana magana in ƙamshi ya kai ƙofar falo, amma ba ta taɓa duba lokaci ba. Muryar agogon ba ta wuce kicin.

Ya koma ɗaki ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya koyi sana'a: ya ɓata agogo da gangan. Ya ja Dogo baya da minti biyar. Ya ja Mai Mura da ashirin, Tsuntsu da talatin da biyar. Da ya zo kan Siririya ya tsaya, ya taɓa gilashinta, ya bar ta yadda take.

Ranar Lahadi ya yanka albasa tun sha ɗaya, ya ɓare kifi ya cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsakin da yake ɗaukar ƙusoshin agogo. Ya auna shinkafa da kofi mai tsagaggen hannu. Sannan ya tsaya gaban murhu ya juya wa falo baya, yadda take yi.

Dogo ya buga. Ya zuba albasa, mai ya yi tsuwa. Minti goma sha biyar a kan albasa, a ganinsa ya yi yawa, sau biyu hannunsa na kaiwa ga shinkafa yana janyewa. Albasar ta yi laushi, ta yi ruwan zuma, ta fara duhu a gefe, sai wani ƙamshi ya tashi wanda rabonsa da shi wata huɗu. Ya dafa bango. Mai Mura ya yi tari. Ya zuba komai. Ruwa ya tafasa, ya ja, ƙananan ramuka suka buɗe a saman shinkafa, Tsuntsu ya leƙo ya yi kuka. Ya rufe, ya rage wuta.

Daga nan ba shi da jagora. Ya ciro agogon aljihu ya ajiye a gefen murhu. Minti biyar. Takwas. Ya tuna hayaƙin ranar Juma'a, ya ji kamar yana jin ƙauri. A minti na goma tsoro ya ci ƙarfinsa, ya sauke.

Ya cika kwano mai murfi, ya ɗora cokali biyu, ya naɗe da tawul. A matakala ya ci karo da Nas ta leƙo daga sama tana riƙe da ƙarfen matakala. Ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta sa gefen mayafi ta share ido.

Matar Allura ta buɗe masa ƙofa, ta tayar da mijin ta jingina shi da filo biyu. Makararre ya ajiye kwanon a kan cinyarsa ya buɗe. Tururi ya tashi tsakaninsu.

Allura ya rufe ido ya shaƙa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗauki cokali, ya tona har ƙasa, ya duba.

"Ina ƙanzo?"

"Bai yi ba."

"Bai yi ba, ko ka cinye a hanya?" Ya ɗebi kaɗan ya kai baki, ya tauna a hankali. Matarsa ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Ya haɗiye. "Albasar ta yi. Wa ya koya maka?"

"Agogo."

"To me ya sa ka sauke kafin ƙaramar ta yi magana? Ji nan." Ya sake ɗiba, ya tauna. "Ka ji? Akwai sauran tauri a tsakiya. Ci ka ji."

Makararre ya ɗauki ɗaya cokalin ya ci. Gaskiya ne. Ya ajiye, ya sunkuyar da kai, ya faɗa masa komai, yadda ya daidaita su, yadda ya bi gida-gida yana tambaya, yadda aka rasa wanda ya taɓa jin Siririya.

Allura ya dube shi kamar ya ga mahaukaci.

"Aka rasa? Kicin ɗinku a kan me yake? Ba a kan kekena ba? Shekara talatin da shida ina jin ta ta cikin silin, ting, ting. Ɗaya saura minti biyar. Ina ɗaga kai in duba agogon shagona, wanda kai ka daidaita da hannunka, in cire ƙafa daga keke, in wanke hannu, kafin in goge Yaya ta sauko. Mai jin yunwa ai ya fi mai gyaran agogo sanin lokaci. Me ya hana ka tambaye ni?"

"Kunya."

"Kunya! Ka ji shi. Mutumin da ya zo ɗaurin aurena bayan an watse." Ya kai wani cokalin baki cikin faɗa, bai ma lura ba. "Minti goma ka rage mata. Duk rayuwarka kana latti, rana ɗaya da ake so ka jira, sai ka yi sauri." Ya sake ɗiba. "Gishirin ma ka ji tsoronsa. Ke, miƙo gishiri."

Matar ta fita da sauri, suka ji ta yi tuntuɓe da bokiti a tsakar gida, suka ji tana dariya ko kuka, ba a rarrabewa. Ta dawo da gishiri da kofin ruwa. Allura ya barbaɗa, ya juya, ya ja kwanon ya matso da shi ƙirjinsa.

"Kai kuma ka tsaya a gefenka," ya ce. "Kullum sai ka ƙetaro."

Suka ci. Bai ci da yawa ba, wajen rabin gefensa, sannan ya ajiye cokali ya jingina yana haki, gumi a goshinsa. Matarsa ta dubi ramin da ya yi a cikin shinkafar, ta dubi Makararre, ta gyaɗa kai.

"Gobe Litinin," Allura ya ce, idonsa a rufe. "Likitan nan zai zo da sha biyu. Ki ce masa ya jira zuwa ɗaya da kwata, ya ga ina ci da idonsa, ya mai da robarsa jaka." Ya buɗe ido ɗaya. "Kai kuma saura biyar. Ba saura kwata ba. In ka ji ƙauri kada ka firgita, ƙanzo ne ke haɗuwa."

"Na ji."

"Kuma ka ƙara kofi ɗaya. Matar nan kwana nawa ba ta ci abin kirki ba, tana tsaye a kaina kamar mai gadi."

Makararre ya rufe kwanon, ya tura mata sauran. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafin ko kifin da ya rage zai kai gobe, ko sai ya biya kasuwa tun yanzu.